Tasirin Matsin Iska a Kan Hunturu da Damina a Gusau, Tsafe da Bunguɗu

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin yadda bambancin matsin iska tsakanin Hamadar Sahara da Tekun Atlantika yake juya akalar iska, ya kawo hunturu da bazara da damina da kaka a Gusau, Tsafe da Bunguɗu da ke Jihar Zamfara. An bi hanyar bitar ayyukan masana yanayin Afirka ta Yamma, aka auna sakamakonsu da mazaunin garuruwan uku a taswira da kuma alamomin da manoman yankin suka saba lura da su. Nazarin ya nuna cewa ƙurar hunturu tana biyo bayan ƙaruwar matsi a saman Libiya, cewa juyawar iska a bazara tana riga zaman damina da makonni, kuma cewa hadari yana zuwa daga gabas ne domin iskar da ke tuƙa shi tana sama da wadda ke kawo danshi. Maƙalar ta ba da shawarar ƙara tashoshin awo da isar da hasashe ga manoma da Hausa.

Muhimman kalmomi: matsin iska, hunturu, damina, mahaɗar iskoki, hadari, Zamfara.

1.0 Gabatarwa

Gero da dawa da masara da wake da gyaɗa da audugar da ake nomawa a ƙananan hukumomin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, kusan dukkansu da ruwan sama suka dogara. Kuskuren mako biyu wajen shuka yana iya cinye irin da magidanci ya adana tun kaka. Akwai abubuwa biyu da kowane manomi a yankin ya sani, waɗanda a zahiri suka yi kama da masu karo da juna. Na farko, iska mai danshi daga kudu maso yamma take busowa, amma hadari daga gabas yake haɗowa. Na biyu, iskar tana juyawa tun cikin bazara, amma ruwa ba ya zama sosai sai watan Yuni. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana waɗannan abubuwa ta fuskar matsin iska, ta kuma nuna amfanin fahimtar ga mai gona da mai gini da ma'aikacin lafiya.

2.0 Farfajiyar Bincike

An ƙirƙiri Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, Gusau ce babban birninta. Tsafe tana kudu maso gabashin Gusau a kan hanyar Funtuwa, Bunguɗu kuma tana arewa maso yamma a kan hanyar Sakkwato. Dukkan garuruwan suna daf da digiri 12 arewa da ikwaita. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce mai duwatsu jefi-jefi, irin su Dutsen Kwatarkwashi, kuma Gulbin Sakkwato ya ratsa ta. Gusau tana da tudun kimanin mita 450 daga doron teku. Ruwan da take samu a shekara yakan kama tsakanin milimita 800 zuwa 1,000, mafi yawansa daga Yuni zuwa Satumba, Agusta kuma shi ne watan marka.

3.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Matsin iska shi ne nauyin iskar da ke bisa wani wuri. Torricelli ne ya ƙera ma'auninsa, wato baromita, a Italiya a 1643. A 1648 gwajin da Pascal ya sa aka yi a Dutsen Puy de Dôme na Faransa ya tabbatar da cewa matsi yana raguwa idan aka hau tudu. Matsakaicinsa a doron teku hektofaskal 1,013 ne, yana kuma sauka da kimanin hektofaskal 1 a duk mita 8 zuwa 9. Ke nan baromitar da aka ajiye a Gusau za ta riƙa nuna kusan 960.

Inda ƙasa ta yi zafi, iska takan buɗe, ta yi sama, matsi ya ragu. Inda iska take sauka daga sama, matsi yakan ƙaru, sararin ya bushe. Iska tana tashi daga wurin matsi mai yawa zuwa wurin matsi kaɗan, kuma gwargwadon tazarar matsin gwargwadon ƙarfinta. Hadley (1735) ya bayyana zagayen iska tsakanin ikwaita da yankunan hamada, Coriolis (1835) kuma ya fito da lissafin karkatar da juyawar duniya take yi wa abu mai tafiya: zuwa dama a arewacin ikwaita, zuwa hagu a kudancinta.

A Nijeriya, Hamilton da Archbold (1945) sun nuna cewa yanayin ƙasar ya rataya ne a kan mahaɗar iskoki biyu, busasshiya ta hamada da mai danshi ta teku. Eldridge (1957) ya yi nazarin jerin hadarin da ke ratsa yankin daga gabas. Ilesanmi (1971) ya gano cewa ruwa ya fi yawa a tazarar digiri 8 zuwa 9 kudu da mahaɗar. Burpee (1972) ya bayyana asalin igiyoyin iskar gabas, Washington da Todd (2005) kuma suka danganta ƙurar Kwarin Bodele da ƙarfin matsi a saman Libiya. Yawancin waɗannan ayyuka sun dubi nahiyar ne a dunƙule. Abin da wannan maƙala ta yi shi ne sauko da su kan garuruwa uku.

4.0 Sakamakon Bincike

4.1 Abin da baromitar Gusau take nunawa

A kusa da ikwaita matsi ba ya hawa da sauka sosai daga rana zuwa rana kamar yadda yake yi a Turai, kuma ƙarfin karkatarwar Coriolis a digiri 12 kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na wanda ake samu a ƙarshen duniya na arewa. Abin da ya fi fitowa fili shi ne hawa da saukar da matsi yake yi sau biyu a kowace rana: yana kai ƙololuwa wajen ƙarfe 10 na safe da 10 na dare, ya sauka wajen 4 na yamma da 4 na asuba, da tazarar hektofaskal 2 zuwa 3. Saboda haka saukar baromita da la'asar a Gusau ba alamar ruwa ba ce. Matsin da ke yanke wa yankin hukunci yana can nesa, a hamada da teku.

4.2 Hunturu

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu rana tana tsaye a kudancin ikwaita, hamada ta huce, matsi mai ƙarfi ya kafu a arewacin Afirka. Mahaɗar iskoki takan koma kusa da gaɓar teku, wajen digiri 5 zuwa 7, sai iskar arewa maso gabas ta mamaye Zamfara. Idan matsin saman Libiya ya ƙaru, iskar takan kutsa ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi a Chadi, ta ƙara gudu, ta kwashi farar ƙasar tsohon gindin Tafkin Chadi a Kwarin Bodele, wanda masana suke ɗauka a matsayin babbar matattarar ƙura ta duniya. Tsakaninsa da Gusau akwai kimanin kilomita 1,300, kuma hazon yakan iso cikin kwana ɗaya zuwa uku. Wannan ne dalilin da hazo yake zuwa kashi-kashi, ya yi kwanaki ya washe, ya sake dawowa.

Da dare iskar takan yi gudu a 'yan ɗaruruwan mitoci sama da ƙasa, ƙasan kuma ta yi tsit. Rana na ɗagawa, ƙasa ta ɗumama, sai gudun ya sauko. Matan da ke shiƙar gero a bakin masussuka sun san lokacin: da hantsi suke ɗaga ƙwarya, su ba arewa maso gabas gefe, ƙaiƙayi ya bi iska, tsaba ta zuba a tabarma. A wannan lokaci danshin iska yakan gaza kashi 20 cikin 100 da rana, leɓɓa da dugadugai su tsage. Wannan bushewa da ƙura, haɗe da zafin da ke biyo baya, su ne yanayin da cutar sanƙarau take yaɗuwa a cikinsa, kamar yadda aka gani a annobar 2017 wadda Zamfara ta fi kowace jiha jin jiki.

4.3 Bazara da juyawar iska

Daga Maris rana takan dawo arewa, zafi a Gusau ya kai wajen digiri 40 a Afrilu. Yankin ƙarancin matsi da zafi ya haifar yakan bi rana zuwa arewa, har ya zauna a kan iyakokin Mali da Aljeriya da Muritaniya a Yuli da Agusta. A daidai lokacin, matsi mai ƙarfi na kudancin Atlantika, wajen tsibirin Sent Helena, yana turo iska. Tana tasowa daga kudu maso gabas, idan ta ƙetare ikwaita sai ta karkata dama, ta iso Nijeriya daga kudu maso yamma ɗauke da danshin Mashigin Gini.

Mahaɗar takan ƙetare digiri 12 tsakanin Afrilu da farkon Mayu. Ana gane haka a cikin gida: gishiri ya fara jiƙa a kwano, zufa ta daina bushewa a jiki, dare ya yi gumi. Sai dai iskar teku tana shiga ƙarƙashin ta hamada ne kamar bakin gatari, siririya a gaba, mai kauri a baya. A makonnin farko kaurinta a saman Gusau bai isa ya ciyar da manyan gizagizai a kai a kai ba, busasshiyar iskar da ke sama kuma tana shanye ruwan kafin ya iso ƙasa. Shi ya sa hadarin farko yakan zo da ƙura da iska mai yaye kwano, ya zubar da ruwa kaɗan, sannan a yi kwanaki ba ɗigo. Wanda ya yi binne ko ya bi ruwan farko da shuka yana cikin wannan haɗari. Sivakumar (1988), daga aikinsa a Nijar, ya ba da ma'aunin zaman damina: milimita 20 cikin kwana uku a jere bayan 1 ga Mayu, ba tare da tsayawar ruwa ta fiye da kwana bakwai ba a kwana 30 da ke biye. Sultan da Janicot (2003) kuma sun nuna cewa babban zirin ruwa yana tsallakowa ne daga digiri 5 zuwa digiri 10 wajen 24 ga Yuni.

4.4 Damina da hadarin gabas

A Agusta mahaɗar takan kai wajen digiri 20 arewa. Idan aka cire digiri 8 zuwa 9 na Ilesanmi, za a sauka a digiri 11 zuwa 12, wato daidai inda Tsafe da Gusau da Bunguɗu suke. Marka ke nan.

Bambancin zafi tsakanin hamada da gaɓar teku yana haifar da zirin iska mai gudu daga gabas, a tsayin kilomita 3 zuwa 4, bisa iskar da ke kawo danshi. Zirin yana lanƙwasa ya samar da igiyoyin ƙarancin matsi da ke wucewa duk kwana 3 zuwa 5, kuma shi ke tuƙa jerin hadari zuwa yamma da gudun kilomita 50 zuwa 60 a awa. Danshi daga yamma yake shigowa ta ƙasa, gizagizai kuma daga gabas ake koro su ta sama. Ruwan da ke zuba cikin hadarin yana sanyaya iska, ta yi nauyi, ta faɗo ƙasa, matsi ya yi tsalle da hektofaskal 1 zuwa 3. Wannan ce sanyayyar iskar da ke riga ruwa isowa, ta kwantar da dawa, ta tsinke wayoyin lantarki. Mathon da Laurent da Lebel (2002) sun gano cewa irin wannan hadari ne ke ba da kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan Sahel.

Tazarar gabas da yamma tsakanin Tsafe da Bunguɗu kimanin kilomita 40 ce. Bisa wannan gudu, hadarin da ya afka wa Tsafe yana iya isa Bunguɗu cikin ƙasa da awa ɗaya. Lokacin kaɗan ne, amma ya isa a kwashe shanya, a kore dabbobi daga bakin gulbi, a mayar da yara gida.

A Oktoba hamada takan fara hucewa, mahaɗar ta juyo kudu da sauri fiye da yadda ta hau. Gizagizai sun ragu, danshi bai gama tafiya ba, sai zafin agazari ya nunar da amfanin gona kafin hunturu ya dawo.

5.0 Tattaunawa

Duk abin da ya taɓa tazarar matsi tsakanin hamada da teku zai taɓa rumbun manomin Zamfara. Bayan farin 1972 zuwa 1973, Charney (1975) ya ɗora alhakin a kan ƙarewar ciyayi, amma bayan na 1983 zuwa 1984 Folland da abokan aikinsa (1986) da Giannini da abokan aikinta (2003) sun nuna cewa sauyin zafin tekuna ne babban dalili. Taylor da abokan aikinsa (2017) sun gano daga hotunan tauraron ɗan'adam cewa manyan hadura mafiya ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982, suka danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Ma'anar wannan ga yankin ita ce ruwa mai yawa cikin sa'o'i kaɗan, wanda ke zaizaye gona, ya cika magudanan Gusau, ya rusa ginin ƙasa. Jimillar ruwan shekara kaɗai ba ta isa a auna kyan damina ba. Dole a dubi yadda ya rarrabu.

6.0 Kammalawa da Shawarwari

Maƙalar ta nuna cewa yanayin Gusau da Tsafe da Bunguɗu yana bin tafiyar mahaɗar iskoki, ita kuma tana bin matsin hamada da na teku. Juyawar iska albishir ce, amma zaman damina yana jiran kaurin danshi. Bisa haka ake ba da waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, Hukumar Hasashen Yanayi ta Nijeriya, wato NiMet, wadda aka kafa a 2003, da Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, su haɗa hannu wajen kafa tashoshin awon ruwa da danshi da iska a Tsafe da Bunguɗu. Tashoshi masu aiko da bayani ta layin waya sun fi dacewa, ganin yadda matsalar tsaro ta taƙaita zirga-zirga a ƙauyuka. Na biyu, malaman gona su koya wa manoma ma'aunin zaman damina, a kuma riƙa sanar da matsayin mahaɗar iskoki da Hausa a rediyo daga Afrilu zuwa Yuni. Na uku, a kafa hanyar gargaɗi daga gabas zuwa yamma tsakanin garuruwan. Na huɗu, magina su ƙarfafa ɗaurin rufi ta fuskar gabas, a dasa itatuwan kare iska ta wannan ɓangare. Na biyar, hukumomin lafiya su kammala rigakafin sanƙarau kafin hunturu ya kankama. Bincike na gaba ya kamata ya tattara awon ruwa na kullum daga garuruwan uku, domin a gwada ma'aunin Sivakumar a kan ƙasar Zamfara kanta.