Yadda aka gano sirrin siffar bakteriya masu kama da sanda

A 1683 Antonie van Leeuwenhoek, mai sayar da yadi a garin Delft na Holan, ya kankaro dattin haƙoransa ya leƙa shi da gilashin ƙara girma da ya ƙera da kansa. Cikin halittun da ya zana akwai 'yan sirara masu kama da sanda. A 1872 Bajamushe Ferdinand Cohn ya karkasa bakteriya bisa siffarsu, shi ne kuma ya raɗa wa Bacillus subtilis suna, ƙwayar nan da ke juya kalwa ta zama daddawa.

To, me ke riƙe da siffar? A 1953 Claes Weibull ya narkar da bangon wata bakteriya da sinadarin lisozaim, wanda ake samu a hawaye da farin ƙwai. Nan take sandar ta dunƙule kamar ƙwallo. Ashe siffar a bango take. Bangon kuwa raga ce guda ta sukari da guntayen furotin da ta lulluɓe ƙwayar baki ɗaya, kuma saƙarta ce fenisilin yake hanawa, har ƙwayar ta kumbura ta fashe.

Saura masaƙin. An daɗe ana ɗauka bakteriya ba su da wani ƙwarangwal a ciki, sai a 2001 ɗakin binciken Jeff Errington a Oxford ya nuna furotin MreB yana jeruwa a ƙarƙashin fatar B. subtilis, a shekarar kuma aka tabbatar a Cambridge cewa ɗan'uwan aktin ne na tsokar mutum. Hotunan farko sun nuna shi kamar doguwar igiya murɗaɗɗiya daga wannan kai zuwa wancan, littattafai suka yi ta kwafa. Zanen ya yi kyau, amma bai yi ƙarko ba. A 2011 ƙungiyoyi uku suka ga cewa guntaye ne masu zagaya ƙugun ƙwayar, kamar mai ginin rumbu yana kewayawa yana ɗora laka, kuma da an tsayar da ginin bango su ma sai su tsaya cak. Wannan ɗauri na kewaye shi ke hana ƙwayar faɗi, ya bar ta tana tsawo.

Ba kowace sanda ce ke bin wannan hanya ba. Ƙwayar tarin fuka ba ta da MreB sam. Daga bakunanta biyu take ƙara tsawo.