Tuba da Yafiya: Tarihin Maguzawan Rano da Kibiya

Yau hirarmu ta tarihi ce, kuma za mu leƙa kudancin Kano ne, ƙasar Rano da Kibiya.

Kun dai san Rano tana cikin Hausa Bakwai, ita da Kano ake kira sarakunan baba saboda rini. To bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka fara a 1804, ba duk Hausawan karkara ne suka musulunta ba. Waɗanda suka tsaya kan al'adar kakanni su ake kira Maguzawa. An bar su da gonakinsu suna biyan jiziya, suna zaune a manyan gidaje nesa da gari. Matansu ba sa kulle, da su ake noma.

Amma fa yaro ba ya zama yaro. Saurayi ya tafi cin rani ko fatauci, ya zauna da Musulmi, ya dawo yana salla. Abin da ake cewa shi ne "wane ya tuba", shi ya sa kuke jin kalmar tubabbe. Wannan ya ƙaru sosai daga 1963 zuwa 1965, lokacin da Sardauna Ahmadu Bello ya yi rangadin musuluntarwa a Arewa.

Ta wani gefen kuma ga mishan. Da farko Turawan mulki sun taƙaita musu wa'azi a ƙasashen sarakunan Musulmi. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki da Hausa, a shekarun nan kuma mishan ta SIM ta kama aikin jinyar kutare a ƙasar Kano, daga baya aka kafa cocin ECWA a 1954. Ta hanyar asibiti da makaranta wasu 'ya'yan Maguzawa suka zama Kirista. Su ma kalmominsu ke nan: tuba da gafara. Sai ka tarar da tsatso ɗaya, wa Musulmi, ƙane Kirista, kaka tana kan gargajiya.

To uwa fa, yaya za ta yi? Ba mu kaɗai wannan tambaya ta dama ba. A Amurka akwai wasu Kirista manoma da ake kira Amish, waɗanda asalinsu ya faro a Turai a 1693. Keken doki suke hawa, ba sa jan wutar lantarki zuwa gidajensu. Idan yaro ya kai kamar shekara 16, sai a ɗan sassauta masa ya ga duniya, sannan ya zaɓa da bakinsa: ko a yi masa baftisma ya shiga jama'a, ko ya kama gabansa. Mafi yawansu zama suke yi. Wanda ya ɗauki alkawari ya karya, ana ƙaurace masa, amma ranar da ya tuba a gaban jama'a sai a karɓe shi.

A watan Oktoba na 2006 wani mutum ya shiga makarantarsu a jihar Fensilbaniya, ya harbe 'yan mata biyar har lahira, ya kashe kansa. Ko kwana ba a yi ba, mutanen Amish suka je yi wa iyalinsa ta'aziyya, wasunsu har jana'izarsa suka halarta.

'Yan uwa, mu ma muna da namu abin koyi. Annabi Yusufu, alaihis salam, ya yafe wa 'yan uwansa da suka jefa shi rijiya. Nana Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar kuwa, da mahaifiyarta ta ziyarce ta a Madina ba ta musulunta ba, Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce ta da ta sada zumunci da ita.

Saboda haka idan kina da kishiya ko suruka tubabbiya, kada ki goranta mata asali, kada ki hana ta zuwa gaida iyayenta. Ɗanki kuma in ya kauce ya dawo yana neman gafara, buɗe masa ƙofa, domin hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah ya shirya mana zuri'a. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu, a huta lafiya.