Malamin Makarantar da Ya Koya wa Ƙarfe Nutso

Mu mutanen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi, jirgin da muka buɗe ido da shi na ƙasa ne, wanda dogonsa ya iso Ƙaura a 1929. Teku kuwa sai dai labari. Duk da haka na zaɓi tarihin John Philip Holland, maƙerin jirgin ƙarƙashin teku, domin rayuwarsa ta fi kusa da tamu fiye da yadda ake zato.

An haife shi a 1841 a Liscannor, wani ƙauye na ƙasar Ireland, wadda Ingila ke mulka a lokacin. Yana yaro aka yi babbar yunwar da ta fara a 1845, ta kashe mutane wajen miliyan ɗaya. Ya girma ya zama malamin makaranta, a 1873 ya ƙaura Amurka ya ci gaba da koyarwa a garin Paterson.

Dabarar jirgin ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa ganin gorar masunci a gulbi. Muddin iska ce a cikinta tana bisa ruwa, ta cika kuwa sai ƙasa. Haka tankunan jirgin suke: a sha ruwa a nutse, a kore shi da matsattsiyar iska a taso. Gudummawar Holland ita ce haɗa inji biyu, na fetur don tafiya a sama, na batir don tafiya a ƙasa, inda babu iskar da wuta za ta ci.

A 1875 ya kai zanensa ga sojojin ruwan Amurka, suka ce ba zai yiwu ba. Sai 'yan ƙungiyar Fenian, masu neman 'yancin Ireland, suka ba shi kuɗi don ya ƙera musu abin nutsar da jiragen Ingila. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya gwada jirgin farko a kogin Passaic a 1878, ya kammala na biyu a 1881. Da rigimar kuɗi ta ɓarke, suka janye jirgin da dare a 1883, amma suka kasa sarrafa shi.

Bai karaya ba. Jirginsa na shida ya shiga ruwa a 1897, kuma a ranar 11 ga Afrilu, 1900, sojojin da suka raina shi suka saye shi kan dala 150,000. Abin mamaki, a 1901 Ingilar da aka yi shirin dominta ta ƙera nata bisa zanensa. Shi kuwa masu jari suka mamaye kamfanin, ya bar musu a 1904. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ya rasu a 12 ga Agusta, 1914. Bayan kwana arba'in da ɗaya, jirgin ƙarƙashin teku guda na Jamus ya nutsar da jiragen yaƙin Ingila uku, mutum fiye da 1,400 suka halaka.

A ganina, darasin yana nan. Basira ba ta zaɓen gari, amma wanda ya fara miƙa mata hannu shi ke nuna mata hanya. Yaran da ke ƙera motoci da gwangwani a lungunanmu, da ɗaliban Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, suna jiran mai tallafa musu. Idan masu son zaman lafiya suka yi nawa, a yankin da ya ɗanɗana ɗacin bindiga, wasu ne za su riga su.