Ƙotar Tsohon Filen: Tarihin Icen da Ba Ya Sake Samuwa

Duk shagon kafintan da ya daɗe da kafuwa, da wuya a rasa tsohon filen a cikinsa, wato wannan ƙarfe mai wuƙa a ciki da ake goge katako da shi har ya yi santsi. Sau da yawa gangar jikinsa lafiya lau take, ƙotar ce ta tsage aka ɗaure ta da waya. Wannan ƙota kuwa tana da tarihin da ya kai a tsaya a saurara.

Kafin tsakiyar ƙarni na 19, yawancin filen da kafintocin Turai da Amurka ke aiki da shi na katako ne, ana saita wuƙarsa da guduma. Leonard Bailey, wani kafinta a birnin Boston wanda aka haifa a 1825, shi ne ya fito da tsarin filen na zubin ƙarfe wanda ake ɗaga wuƙarsa ko a sauke ta da murɗa noti kawai. A 1869 kamfanin Stanley na garin New Britain a jihar Connecticut ya sayi haƙƙin ƙirarsa, ya shiga ƙera shi girma-girma, daga lamba 1 zuwa lamba 8. A Ingila ma, kamfanin Record na Sheffield ya fara nasa a 1931 bisa wannan tsari.

Abu biyu ne Bailey ya bari na ice: ƙotar baya da hannu ke turawa, da dunƙulen gaba da ɗaya hannun ke dannawa. Shekaru da dama Stanley na sassaƙa su da icen roswud, mai duhu, mai nauyi, mai maiƙo a jikinsa, wanda gumin hannu ke ƙara wa sheƙi. Da Yaƙin Duniya na Biyu ya zo, kayan aiki suka yi wuya, sai aka koma wa icen gida ana shafa masa launi. Daga baya roba ta karɓe wurin. A 1992 yarjejeniyar CITES ta sa roswud na Barazil cikin jerin itatuwan da aka hana cinikinsu tsakanin ƙasashe, saboda sara ya kusa ƙarar da shi. Mu ma mun san wannan labari: madobiya, wadda aka yi ta sarewa a dazukan Taraba ana kai wa Sin, ta shiga ƙarƙashin sa idon CITES a 2017.

Ƙarancin roswud ne ya sa masu gyaran tsofaffin kayan aiki ba sa jefar da karyayyiyar ƙota. Sun san inda rauninta yake. Jijiyar icen a kwance take, doguwar kusa mai zare ce ta ratsa ƙotar daga sama zuwa ƙasa tana matse ta. Da zarar notin tagullar da ke sama ya saki, ƙotar sai ta fara rawa, turi ɗaya mai ƙarfi ya raba ta biyu. Ƙahon da ke saman ƙotar kuwa, faɗuwa daga teburi ke ɓalle shi.

Gyaran na bukatar haƙuri. Mai gyara zai kwance ƙotar, ya kankare tsohon gam da dauɗa, ya goge bakin karayar da asiton don ya ɗauke maiƙon icen, in ba haka ba gam ba zai kama ba. Sai ya shafa wa kusar kakin zuma don kada ta manne, ya sa gam mai ƙarfi, ya haɗa ɓangarorin, ya ɗaure noti ya bar su su kwana. In ƙaho ne ya tafi, zai daidaita wurin ya miƙe, ya nemo guntun ice mai kama da shi, ya jera jijiyarsa da ta asali, ya manna. Daga nan sai magagari da sanfefa, a hankali, yana gwadawa a tafin hannunsa har ya ji babu inda ke cizo. A ƙarshe ya shafa shalak ko mai da kaki. Kusar ma abar adanawa ce, domin zaren da Stanley ya yi mata ba irin wanda ake samu a kasuwa ba ne.

Da tsohuwar zuma ake magani. Filen da aka ƙera shekara 100 da suka wuce, in aka wasa wuƙarsa aka gyara ƙotarsa, zai yi aikin da sabo mai ƙotar roba ba zai fi shi ba. Don haka kafintocinmu, musamman matasan da suka gaji kayan iyayensu da iyayen gidansu, ku duba notin ƙotarku ku ɗaure shi tun bai saki ba. In kuma ta riga ta karye, ku tattara gutsattsarin ku gyara, domin icen da aka yi ta da shi ya riga ya yi wuyar samu.