Tukunyar Fure a Ɗakin Kwana: Asalin Zancen Feng Shui

A 'yan shekarun nan ana yaɗa wata magana ta waya, wai ilimin Sinawa da ake kira feng shui ya hana ajiye shuka a ɗakin kwana domin tana korar barci. Wasu kuwa sun ce ita ke jawo arziki. Kafin mu fitar da wata tukunya ko mu sayo wata, ya kamata mu bi sawun zancen.

Ma'anar feng shui ita ce iska da ruwa. Sunan ya bayyana a wani littafi kan binne mamata, wanda ake jingina wa masani Guo Pu da ya rayu daga 276 zuwa 324 Miladiyya. A fahimtarsu akwai wani ƙarfi da ke gudana cikin ƙasa, suna kiransa chi, iska na warwatsa shi, ruwa na tsayar da shi. Don haka wuri nagari, na kabari ko na gida, shi ne mai tudu a baya da ruwa a gaba, yana fuskantar kudu. A arewacin Sin wannan dabarar zaman duniya ce, domin daga arewa iskar hunturu ke kaɗowa. Haka aka tsara fadar sarakuna ta Beijing da aka kammala a 1420, har aka tara ƙasa aka yi mata tudu a baya. A kudancin ƙasar kuma ƙauyuka kan bar kurmi a bayan gari, su hana sare shi, ya tare musu guguwa da zaizayar ƙasa. Kenan shukar da magabatansu suka fi damuwa da ita a waje take.

Bayan 1949 gwamnatin kwaminis ta ɗauki feng shui a matsayin camfi, aka kuma tsananta masa tsakanin 1966 da 1976. Ya ci gaba a Hong Kong da Taiwan, daga nan malamai irin su Lin Yun suka kai shi Amurka. Mazaunin bene ba shi da tudu ko kogi, sai koyarwar ta koma kan gado da madubi da tukunyar fure. A nan saɓani ya yi ƙamari: wasu suka ce shuka mai girma tana da yang, wato motsi, ɗakin barci kuwa na yin ne, wato natsuwa. Wasu suka ce ɗaya ko biyu ba laifi.

Tsoron iskar dare kuma yana da reshe a Turai. A 1779 likita Jan Ingenhousz, ɗan ƙasar Holan, ya gano cewa ganye na fitar da iska mai kyau cikin haske, cikin duhu kuma akasinta. Gaskiya ne, amma abin kaɗan ne ƙwarai. Mutum ɗaya da ke kwance kusa da kai ya fi tukunya fitar da ita nesa ba kusa ba. Binciken NASA na 1989 kan tace iska kuwa, cikin akwatuna rufaffu aka yi shi, kuma tukunya biyu ba za su tace ɗaki ba.

Saboda haka mai son shukarsa ya bar ta, ya riƙa buɗe taga, ya zubar da ruwan da ya kwanta a ƙarƙashinta don sauro. In akwai darasin da za mu ɗauka daga mutanen Sin na da, shi ne kada mu sare itacen da ke tare wa gari iska.