Ƙwayoyin hana barci da ƙwaƙwalwa: abin da gwaji kan ɓeraye ya nuna

Tanut na kan babbar hanyar da ta haɗa Damagaram da Agadas, kuma direbobin da ke bin ta cikin dare sun san abubuwan korar barci: shayi mai ɗaci, goro, kofi, wasu kuma ƙwaya. Yawancin abin da aka sani kan yadda irin waɗannan abubuwa ke taɓa ƙwaƙwalwa, a jikin ɓeraye aka gano shi.

Kafeyin da ke cikin goro da shayi yana tare hanyar adenosin, sinadarin da ke taruwa a ƙwaƙwalwa ya kawo gyangyaɗi. Amfetamin da metamfetamin sun fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba: suna sa jijiyoyi su zubar da sinadarin dofamin fiye da kima.

A 1988, masana biyu a Paris, Ennaceur da Delacour, suka fito da wani gwaji mai sauƙi. Ana sa ɓera cikin akwati da abubuwa biyu ya shinshina, daga baya a sauya ɗaya da sabo. Lafiyayyen ɓera yakan fi daɗewa kan sabon, domin ya tuna tsohon. Wanda aka yi wa allurar metamfetamin mai yawa a jere kuwa, ko bayan kwanaki ba ya bambanta su sosai, kuma idan aka duba ƙwaƙwalwarsa akan tarar bakin jijiyoyin dofamin sun lalace. Ɗan ƙaramin awo na amfetamin yakan ƙara wa ɓera mai da hankali, amma da an haura shi, amfanin ya juye.

Sai asarar barcin kansa, wadda aka fi rainawa. A 1994, Wilson da McNaughton a Amurka suka nuna cewa ƙwaƙwalwar ɓera na maimaita hanyar da ya bi yana farke a lokacin da yake barci. Ɓeran da aka hana barci bayan ya koyi abu, bai cika riƙe shi ba.

Tramol, da wasu ke sha don ƙarfin aiki, ba ya cikin wannan rukuni. Maganin ciwo ne dangin mofin, kuma yawansa na jawo farfaɗiya.