Hermann Geiger, Mai Sauka Bisa Ƙanƙara

A ƙasar Suwizalan, cikin Turai, akwai manyan duwatsu waɗanda ƙanƙara ba ta barin kawunansu. A da, wanda ya karye a can sai a sauko da shi a kafaɗa, wani ma ya cika a hanya.

Cikin 1952 wani matuƙi, Hermann Geiger, ya ɗaura wa ƙaramin jirginsa dogayen takalma masu santsi, ya sauka bisa ƙanƙarar Kander. Ga dabararsa: ya kan sauka yana fuskantar hawa, don tudu ya tsai da jirgin, ya tashi yana bin gangara. Ya koya wa matuƙa da yawa, ya ceci ɗaruruwan mutane.

Ba dutse ya yi ajalinsa ba. Cikin 1966, yana koyar da tuƙi, ya yi karo da wani jirgi a filin garin Sion.